Yadda Malami Zai Gina Ajin da Ke Kama Kansa Ko Ba Ya Nan

Duk wanda ya taɓa zagayawa duba ɗaliban malanta a lokacin koyarwar gwaji ya san wannan abin. Malama tana tsaye gaban allo a wata firamare a Agege, yara kusan saba'in sun yi tsit, sai ɗan aike ya leƙo ya ce hedimasta na kiranta. Ba ta kai ƙarshen baranda ba aji ya kaure da hayaniya, wani ya hau benci, wata ta fizge littafin maƙwabciyarta, monita kuma ya zaro takarda yana rubuta sunayen abokan gabarsa. Shirun da aka gani da farko na malama ne, ita ta zo da shi, kuma da ta fita ta tafi da abinta. Abin da wannan jagora ke nufi shi ne yadda za a mayar da natsuwar nan ta zama mallakar yaran, su riƙe ta ko da babu idon da ke kansu. Ina amfani da "ka" a ko'ina don sauƙin magana, amma har da malamai mata nake, waɗanda su ne ma suka fi yawa a firamaren Legas.

Tambayar tsohuwa ce a ilmin tarbiyya. A 1939, Kurt Lewin da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Ayowa ta Amurka, inda suka raba yara maza masu kimanin shekara goma ƙungiya-ƙungiya, suna aikin hannu bayan an tashi daga makaranta. Wasu aka ba su jagora mai kama-karya, wasu jagora mai shawara da su, wasu kuma jagoran da ya sakar musu mara gaba ɗaya. Yaran mai kama-karya sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar ya fita ɗakin sai aiki ya tsaya. Yaran mai shawara sun ci gaba da aikinsu kusan kamar yana nan. Waɗanda aka sakar wa mara kuwa su suka fi kowa ƙarancin abin kirki. Saboda haka kada wani ya fahimci wannan jagora a matsayin kira ga sakaci. Malami yana nan da ikonsa, sai dai yana amfani da ikon ne don ya koya wa yaro yadda zai mallaki kansa.

Akwai kuma dalili na doka. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma gwamnatin jihar ta hana duka a makarantu. Ɗalibin da ya fito daga Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Akoka, ko Jami'ar Ilmi ta Jihar Legas da aka samar a 2022 bayan haɗe kwalejojin Ijanikin da Epe, ko wanda ke karatun NCE a cibiyoyin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, idan tsumagiya ce kaɗai dabararsa, to ya fito aiki hannu rabbana.

Mataki na farko: san waɗanda za ka koyar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka riƙe alli, nemi rajistar ajin daga malamin da ke riƙe da shi, ka zauna a bayan aji kwana biyu ko uku kana kallo kawai. Zana taswirar zama a littafinka, kowane benci da sunayen masu zama a kai, ka ƙudura cewa kafin mako biyu za ka iya kiran kowa da sunansa. Wannan aiki ne mai gajiyarwa idan aka tuna cewa manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare da 40 a babbar sakandare, alhali a unguwanni masu cunkoso za ka tarar da abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Amma yaron da ake kira "kai, mai jar jaka" ya san cewa ya ɓace a cikin taro, kuma wanda ya ɓace a cikin taro ba ya jin nauyin abin da yake yi.

A Legas sanin yaro ya wuce sanin sunansa. A aji guda a Idi-Araba ko Mile 12 za ka samu ɗan Bahaushe da aka haifa a nan yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, da wanda bai fi wata uku da saukowa daga Sakkwato ba kuma bai iya ko buroka ba, ga 'ya'yan Yarbawa da na Ibo da na wasu ƙabilu. Sau da yawa abin da sabon malami ke kira taurin kai rashin jin Turanci ne kawai. Yaron da aka ba umarni da harshen da bai fahimta ba, idan ya juya ya tambayi na kusa da shi da Hausa, ƙoƙarin bin umarnin yake yi, kuma zalunci ne a rubuta sunansa cikin masu surutu. Maganinsa shi ne ka zaunar da shi kusa da wanda ya iya harsunan biyu, ka ba su izinin raɗa a fili, kowa ya san da izininka ne.

Haka batun ladabi. Ɗan Bayarabe yana kwanciya ya gai da babba, 'yar Bayarabiya ta durƙusa a kan gwiwa, ɗan Bahaushe ya rusuna ya sunkuyar da kai. A gidajenmu, yaron da ya zuba wa babba ido yana yi masa faɗa shi ne marar kunya. To sai ga malami ya karanta a wani littafin da aka rubuta don wata ƙasa cewa dole yaro ya dube shi ido cikin ido, ya tsaya yana daka masa tsawa a kan abin da uwarsa ta shekara goma tana koya masa akasinsa. Kada ka faɗa wannan rami.

Bincika kuma yadda ranar yaro take. Wasu sun je makarantar allo da asuba kafin su sa kayan makaranta, kuma da yamma Islamiyya na jiransu. Wasu sai sun taya iyayensu fitar da kaya a kasuwa. Wasu suna shiga danfo ko keke daga nesa, kuma idan damina ta kankama, musamman a watannin Yuni da Yuli, ruwa na iya tare hanya har hantsi. Latti iri-iri ne, kuma ba a yi wa wanda ya tsaya wasan ƙwallo da wanda ruwa ya tsare hukunci ɗaya.

Mataki na biyu: makon farko

A nan ne ake cin nasara ko a sha kaye, don haka zan ɗan daɗe. Binciken da Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson suka wallafa a 1980, bayan sun bibiyi malaman aji uku a jihar Tekzas tun daga ranar da aka buɗe makaranta, ya nuna cewa malaman da azuzuwansu suka zauna lafiya a tsawon shekara su ne waɗanda suka kashe kwanakin farko suna koyar da tsarin zaman aji kamar yadda ake koyar da lissafi, wato su bayyana, su nuna, su sa a gwada, su gyara, a sake gwadawa. Sauran kuwa sun karanto dokoki sau ɗaya suka ɗauka an ji.

Fara da dokoki, kuma kada su wuce huɗu ko biyar. Hanyar da ta fi kama zuciyar yara ita ce ka tambaye su: mene ne yake hana ku karatu a aji? Za ka sha mamakin yadda suka san matsalarsu. Za su ce ana satar biro, ana dariya idan mutum ya ba da amsar da ba daidai ba, manya suna ture ƙanana daga benci. Rubuta duk abin da suka faɗa a allo, sannan ku tattara su tare zuwa jimloli kaɗan masu faɗin abin da za a yi, kamar "mutum ɗaya ke magana, sauran suna saurare" ko "a nemi izini kafin a taɓa kayan wani." Dokar da ta ce "ban da surutu" ta gaya wa yaro abin da zai bari, ba ta gaya masa abin da zai kama ba. A rubuta su a kwali da Turanci, kuma ba laifi a sa Hausa da Yarbanci a ƙarƙashi, kowane yaro ya sa hannu ko ya rubuta sunansa a gefe. Wannan sa hannun yana da amfani daga baya, domin ranar da yaro ya karya doka za ka nuna masa alkawarin da shi da kansa ya ɗauka.

Ka sani cewa shawara da yara tana da iyaka. Akwai abubuwan da ba a jefa ƙuri'a a kansu, kamar duka da zagin iyaye da gorin ƙabila ko addini. Waɗannan kai ne za ka faɗe su, a taƙaice, ba tare da neman ra'ayi ba. A ajin da ya haɗa ƙabilu kamar na Legas, kalma guda ta gori tana iya fita daga aji ta isa unguwa kafin la'asar.

Bayan dokoki sai al'adun aji, kuma su ne suka fi dokokin muhimmanci. Zauna ka lissafa duk wani lokaci da aji ke rikicewa: shigowa bayan asambili, raba littattafai, karɓar aikin gida, neman izinin fita bayan gida, dawowa daga hutun tara, feƙe fensir, tashi. Kowanne ka yanke yadda kake so a yi shi, sannan ka koyar. Ɗauki misalin karɓar littattafai. Ka ce na ƙarshen kowane layi ya miƙa wa na gabansa, har su taru a hannun na farko, shi kuma ya ajiye a kusurwar tebur. Ka nuna da layi ɗaya, sauran suna kallo. Ka sa duka aji su yi kana duba agogo, ka faɗa musu daƙiƙa nawa suka ci, ka tambaye su ko za su iya rage wa. Yara suna son irin wannan gasa da kansu, kuma abin da a da yake cin minti biyar na hayaniya zai koma ƙasa da minti ɗaya. A darasin minti arba'in wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Zaɓi alama guda ta neman shiru, ka tsaya a kanta. Wasu suna ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya rufe baki. Wasu suna tafi sau biyu, yara su amsa da sau uku. Kowacce ka zaɓa, sharaɗin shi ne kada ka fara magana sai shiru ya cika. Sabbin malamai suna tsoron wannan jira, suna ganin kamar daƙiƙa ashirin shekara ce, sai su fara bayani a kan hayaniya, kuma da haka sun koya wa aji cewa ana iya surutu malam yana magana. Buga dasta a tebur da daka tsawa suna aiki sau biyu ko uku, daga nan kunne ya saba, muryarka kuma ta dushe kafin Laraba.

Wata al'ada da nake ba kowane ɗalibin malanta shawara a kanta ita ce aikin shigowa. Kafin yara su shigo, tambaya biyu ko uku suna kan allo daga darasin jiya, kuma kowa ya san cewa da ya zauna zai buɗe littafi ya fara, ba sai an ce masa ba. Wannan shi ne darasin farko na kamun kai, domin yaro ya fara aiki ba da umarnin kowa ba. Yana kuma warware matsalar masu latti, saboda suna shigowa su zauna shiru su kama aiki, maganar dalilin lattinsu kuma sai an tashi.

Mataki na uku: zama mai cika alkawari

An daɗe ana ba da labarin gwajin alewa na Walter Mischel a Jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya a ce idan ya jira zai samu biyu. Abin da ya fi amfani ga malami shi ne ƙarin da Celeste Kidd da abokan aikinta na Jami'ar Rochester suka yi, wanda aka wallafa a 2013. Kafin a kawo alewar, sai a yi wa yaro alkawarin kawo masa kayan zane masu kyau. Rabin yaran aka cika musu, rabi aka dawo aka ce babu. Waɗanda aka saɓa wa sun jira kimanin minti uku kafin su cinye alewar, waɗanda aka cika wa kuwa sun jira kimanin minti goma sha biyu. Haƙurin yaro yana rataye ne a kan ko ya yarda da maganar babban da ke gabansa.

Ma'anar wannan a aji a fili take. Idan ka ce za ka dawo da littattafai ranar Alhamis, su dawo ranar Alhamis da maki a ciki. Idan ka ce wanda ya ɗaga hannu shi za ka kira, kada ka karɓi amsar wanda ya yi ihu don kawai amsarsa daidai ce, domin a take masu ɗaga hannu za su gane cewa su ne wawaye. Kuma kada ka yi barazanar da ba za ka iya zartarwa ba. Magana zarar bunu ce, kuma yara suna ƙirga kowace barazana da ta tashi a banza.

Mataki na huɗu: darasin kansa

Jacob Kounin ya ɗauki hoton bidiyon azuzuwa masu yawa yana neman ya gano irin tsawatarwar da ta fi aiki, sai ya tarar, kamar yadda ya bayyana a 1970, cewa malaman kirki da raunana ba su bambanta sosai ba wajen yadda suke hukunta laifi. Bambancinsu yana wajen hana laifin faruwa tun farko. Malamin kirki yana nuna wa yara cewa ya san abin da ke gudana a kowace kusurwa, yana iya taimakon yaro ɗaya idonsa na kan sauran, kuma darasinsa ba ya tsayawa cik a tsakiya yana laluben takarda. Rigakafi ya fi magani, kamar yadda muka saba faɗa.

A aikace, rubuta abin da za ka iya a allo tun kafin darasi don kada ka daɗe da juya wa aji baya. Kada ka kafe a gaban allo, ka riƙa ratsa layuka, ko da benci ya matse sai ka bi ta gefe. Kada bayaninka ya wuce minti goma ba tare da yara sun yi wani abu da hannunsu ko bakinsu ba. Tanadi ƙarin aiki ga masu saurin gamawa, domin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya gama ya zauna ba aikin yi shi ne yakan fara tsokana. Idan ka yi tambaya, faɗi tambayar tukuna, ka dakata, sannan ka kira suna. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal, kuma idan suka tsawaita zuwa uku, amsoshi suna ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suna fara magana. Ga yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa a ransa kafin ya juyo da amsa zuwa Turanci, waɗannan daƙiƙu uku su ne bambanci tsakanin shiga darasi da fita daga cikinsa.

Mataki na biyar: idan an yi laifi

Duk shirinka, za a yi laifi. Ƙa'idar ita ce ka fara da mafi ƙanƙantar abin da zai gyara lamarin ba tare da darasi ya tsaya ba. Kallo ya isa a lokuta da yawa. Idan bai isa ba, matsa kusa da bencin kana ci gaba da bayani, ka ɗora yatsa a kan littafin yaron. Idan bai isa ba, yi hannunka mai sanda, ka ce, "Na ga layi uku sun buɗe shafi na goma sha biyu, saura kaɗan." Sai bayan wannan ne za ka sunkuya ka yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Wane, me ya kamata a ce kana yi yanzu?" Lura da tambayar. Da ka ce "rufe mana baki," kai ka yi tunanin, shi ya yi biyayya. Da ka tambaye shi, shi ne ya nemo dokar a ransa ya faɗe ta, kuma wannan nemowar ita ce abin da kake son ya iya yi ranar da ba ka nan. Idan ya ci gaba, ba shi zaɓi a fili: ko ya ajiye abin wasan a jaka, ko ya ajiye a teburinka har a tashi. Faɗi, ka juya ka tafi, ka ba shi sarari ya zaɓa ba tare da ya ji kunya a gaban abokansa ba. Yaro ɗan sakandare da aka ƙure a bainar jama'a zai zaɓi mutuncinsa ko da zai jawo masa kora.

Hukunci kuma ya zama ɗan'uwan laifin. Wannan shi ne abin da masanin halayyar yara Rudolf Dreikurs ya yi ta nanatawa. Wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe ko ya kwafe masa shafin, wanda ya ɓata minti biyar na darasi ya biya su daga hutunsa yana ƙarasa aikin, wanda ya yi zagi ya nemi gafara sannan ya faɗi abin da zai yi idan ransa ya sake ɓaci. Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana ba su da wata alaƙa da rashin yin aikin gida, abin da kawai suke koya wa yaro shi ne kada a kama shi gobe. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya riga ya faɗi haka tun ƙarni shida da suka wuce, cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa himma, ta koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Kuma a cikin Buhari da Muslim, Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ce ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Na kawo waɗannan ne saboda za ka haɗu da masu cewa barin bulala al'adar Turawa ce.

Abubuwa biyu ka guje su. Na farko hukuncin gama-gari, inda ake hana duka aji fita saboda laifin mutum uku, wanda ke koya wa mai natsuwa cewa natsuwarsa ba ta tsinana masa komai ba. Na biyu monitan da ke rubuta sunayen masu surutu. Wannan tsari ya tsufa a makarantunmu har ana ganin kamar farilla ne, amma abin da yake haifarwa shi ne cin hanci da biskit, da ramuwar gayya, da aji mai tsoron ɗan sanda maimakon mai jin nauyin kansa.

Idan laifi ya zama na kullum, daina ƙara nauyin hukunci, ka nemi dalili. Dreikurs ya ce yaro mai fitina yawanci ɗayan abu huɗu yake nema: a kula da shi, ko ya nuna iko, ko ya rama wani ciwo, ko kuma a ƙyale shi domin ya yanke ƙauna da iyawarsa. Na ƙarshen nan shi ya fi wuyar ganewa. Sau da yawa babban yaron da ke bayan aji yana ba da dariya bai iya karatu ba ne, kuma ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Abin da ya shafi rauni a jiki, ko alamar ana cutar da yaro a gida, ko makami, wannan ya fi ƙarfin ɗalibin malanta, kuma a ranar za ka kai shi ga shugaban makaranta da mai ba da shawara.

Game da yabo da kyauta, magana kaɗan ta isa. Yabi aikin, ka faɗi abin da ka gani: "Ka gwada hanya ta biyu da ta farko ta ƙi." A gwajin Mark Lepper da abokansa na 1973, yaran da suke son zane da kansu, da aka yi musu alkawarin takardar yabo a kan zanen, daga baya sun rage yin sa idan babu lada. Alewa da biro na iya tayar da sabuwar al'ada, amma a janye su da wuri.

Mataki na shida: miƙa ragama

Daga mako na uku ko na huɗu, fara sauke nauyi daga kafaɗarka zuwa tasu. Ƙirƙiri ayyuka da yawa, mai goge allo, mai raba littattafai, mai duba agogo, mai kula da tagogi idan hadari ya taso, mai taimakon wanda bai zo jiya ba, kuma a riƙa juya su duk mako har kowa ya ɗana. Kada ka hana fitinannen yaro aiki, shi ne ma ya fi bukatarsa, domin amana tana gyara wanda aka ba ta fiye da yadda faɗa ke yi.

Koya musu auna kansu. A ƙarshen darasi, minti ɗaya, kowa ya rubuta a bayan littafinsa lamba daga ɗaya zuwa uku kan yadda ya riƙe dokar da aka sa a gaba a makon, da jimla ɗaya kan abin da zai gyara gobe. Da farko za su ba kansu uku duka. Kada ka yi gardama, ka zaɓi yara biyar kowace rana ka gwada lambarsu da taka a asirce, kuma ka yaba wa wanda ya faɗi gaskiya ko da lambarsa ɗaya ce. Ranar Juma'a, kafin a tashi, ware minti goma na zaman aji: me ya tafi daidai, me ya lalace, me za mu canza. Sharaɗin zaman shi ne ana maganar matsala ba a kiran suna.

Iyaye ma suna da rabonsu. Nemi uba ko uwa da labari mai daɗi tun kafin matsala ta taso, ko da a bakin ƙofar makaranta ne. Wani uban zai ce maka, "Malam, in ya yi ka zane shi, na ba ka wuƙa da nama." Gode masa da girmamawa, ka ce, "Alhaji, na gode da amana. Abin da nake roƙo shi ne kowane dare a tambaye shi ya nuna aikin da ya yi." Ka ba shi abin yi maimakon ka tsaya muhawara. Idan yaron yana zuwa Islamiyya a unguwa, gaisuwa ɗaya da malaminsa na can tana iya buɗe maka abin da rajista ba za ta taɓa nuna maka ba.

A matsayinka na mai koyarwar gwaji, ajin aro ne a hannunka. Mai yiwuwa malamin da ka tarar yana da salon da ya saɓa wa duk abin da ke sama. Kada ka soki shi a gaban yara, kada kuma ka yi masa wa'azi da abin da ka karanto a kwaleji. Nuna masa tsarinka tun farko, ka nemi izininsa a kan darussan da aka ba ka, ka bar sakamakon ya yi magana.

Daga nan sai gwajin da muka fara da shi, wato fitar malami daga aji, kuma a yi shi da sanin yara. Ka ba su aikin da kowa zai iya, ka ce za ka koma bayan aji minti uku ba za ka amsa tambaya ba, kuma ka tambaye su tun kafin ka tafi abin da mutum zai yi idan ya maƙale: ya sake karanta tambayar, ya duba misalin allo, ya yi wa maƙwabcinsa raɗa, ko ya tsallake zuwa ta gaba. Bayan kwana biyu ka tsaya a bakin ƙofa. Mako mai zuwa ka tsaya a baranda inda kake jinsu kuma kana hango su ta taga, domin ba a barin yara ba mai kula, musamman ƙananan azuzuwa. Duk lokacin da ka dawo, su za su fara faɗin yadda abin ya kasance kafin kai ka faɗi naka. Rubuta kwanan wata da adadin mintunan da aiki ya ci gaba a shafin ƙarshe na littafin shirin darasinka. Idan ranar farko aka samu minti ɗaya, sa biyu a gaba, kuma ranar da aka koma baya, kamar yadda yakan faru bayan hutun Sallah ko na tsakiyar zango, sai a sake gwada al'adun makon farko daga tushe kafin a ƙara minti.